Wa'adin Zaɓen Majalisar Tarayya: Kada a Sauko da Shi Daga Kundin Tsarin Mulki



Da wuya a sami mai sana'ar da ya kai malamin makaranta sanin darajar jadawali. Tun ranar da aka buɗe zango mun san makon da za a yi gwaji, mun san ranar da za a fara jarrabawa, a kan haka muke rarraba darussa, a kan haka kuma iyaye suke shirya 'ya'yansu. Da a ce ɗaliban da za a jarraba su ne ke da ikon matsar da ranar jarrabawa duk sa'ad da suka ga ba su shirya ba, da makaranta ta zama dandalin wasa. Wannan misali shi ne ya faɗo mini a rai da na ji labarin da ya fito daga Abuja a watan Oktoba na shekarar 2025.

Labarin shi ne, kwamitin haɗin gwiwa na Majalisar Dattawa da ta Wakilai kan harkokin zaɓe ya yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan gyaran Dokar Zaɓe. Daga cikin shawarwarin da aka gabatar akwai cewa a riƙa yin zaɓe aƙalla kwana 185 kafin ƙarewar wa'adin masu riƙe da kujeru, abin da zai kawo babban zaɓe mai zuwa cikin watan Nuwamba na 2026, maimakon farkon 2027. Akwai kuma shawarar a cire ƙayyade lokacin zaɓe daga Kundin Tsarin Mulki a mayar da shi cikin Dokar Zaɓe. Mutane sun fi mayar da hankali ga batun Nuwamba, domin shi ne mai daɗin muhawara a majalisar hira. Ni a ganina shawara ta biyu ita ce mai haɗari, kuma mu mutanen Batsari da Safana muna cikin waɗanda za ta fi shafa.

Bari mu fara da abin da doka ta tanada a yau. Sashe na 64 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce kowace daga majalisun biyu za ta rushe da kanta bayan cikar shekara 4 daga ranar zamanta na farko. Majalisa ta goma ta fara zama ranar 13 ga Yuni, 2023, saboda haka ranta zai ƙare a watan Yuni na 2027, ko 'ya'yanta sun so ko sun ƙi. Hanya ɗaya ce kawai ta ƙara mata kwana, wato idan ƙasa tana cikin yaƙin da ya taɓa ƙasarta har Shugaban Ƙasa ya ga zaɓe ba zai yiwu ba, nan ma ƙarin ba zai wuce wata 6 a lokaci guda ba. Sashe na 76 kuwa ya ba Hukumar Zaɓe mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, ikon sa ranar zaɓe, amma ya yi mata shinge biyu: kada ranar ta riga kwana 150 kafin rushewar majalisa, kada kuma ta gaza kwana 30 kafin rushewar. Sashe na 132 ya yi irin wannan shinge ga zaɓen Shugaban Ƙasa, wanda wa'adinsa zai cika ranar 29 ga Mayu, 2027. Tun da an saba haɗa zaɓukan biyu rana ɗaya, wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga filin da ya rage ya fara daga tsakiyar Janairu ya ƙare a ƙarshen Afrilu na 2027.

A 2025 Dokar Zaɓe ta 2022 ita ce ta cike sauran matakan, kuma ga abin da ta tanada a lokacin, duk ana ƙirga su ne da baya daga ranar jefa ƙuri'a. Dole a saki kuɗin zaɓe ga hukumar shekara guda kafin babban zaɓe. Dole hukumar ta fitar da sanarwar zaɓe aƙalla kwana 360 kafin ranar. Jam'iyyu su miƙa sunayen 'yan takararsu aƙalla kwana 180 kafin ranar, wato zaɓen fid da gwani ya kammala ke nan kafin nan. Yaƙin neman zaɓe a bainar jama'a ya fara saura kwana 150, ya tsaya saura awa 24. Rajistar masu zaɓe da gyaranta su tsaya aƙalla saura kwana 90. Waɗannan alƙaluma suna da haƙori. Hukumar ta riga ta tsayar da 18 ga Fabrairu, 2023 a matsayin ranar zaɓen da ya wuce, amma da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa dokar hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022, sai aka ga kwana 360 ba za su cika ba, ala tilas aka matsar da zaɓen zuwa 25 ga Fabrairu, 2023. A wannan karon hukuma ce ta bi doka, kuma haka ya kamata al'amari ya kasance.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne haɗin malamin firamare a Wagini ko Runka da wannan lissafi na lauyoyi? Haɗin yana cikin albashinsa da ajinsa. Majalisar Tarayya ce ta yi Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya domin ilimi a matakin farko. Ita ta yi dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ita ta amince da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024. Ita ce take zartar da kasafin kuɗin ilimi da na tsaro kowace shekara. A cikin wakilai 360 mutum ɗaya ne yake magana da yawun Batsari da Safana da Ɗanmusa, a cikin sanatoci 109 kuma muna da na Katsina ta Tsakiya. Ranar zaɓe ita ce rana guda cikin shekara huɗu da waɗannan mutane suke tsayawa a gabanmu mu duba musu takarda. Wanda ya sami ikon juya wannan rana yadda ya so, ya karɓe jan biron daga hannunmu.

Masu neman a dawo da zaɓe Nuwamba suna da hujja, kuma adalci ne a faɗe ta. Sashe na 285 ya ba wanda ya faɗi zaɓe kwana 21 ya shigar da ƙara, ya ba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kwana 180 ta yanke hukunci, ya ba kotun gaba kwana 60. A zaɓen 'yan Majalisar Tarayya magana tana ƙarewa ne a Kotun Ɗaukaka Ƙara. In aka tara, kwana 261 ne, kusan wata tara. An yi zaɓe a ƙarshen Fabrairun 2023, an rantsar da majalisa a tsakiyar Yuni, amma shari'o'i ba su lafa ba sai wajen ƙarshen shekara. A tsakanin nan mutum yana zaune a kujerar da ake jayayya a kanta, yana karɓar albashi, yana jefa ƙuri'a a kan dokoki, yana kuma kare kansa a kotu da ƙarfin kujerar. Wannan cuta ce ta gaske. Kwamitin gyaran zaɓe da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a riƙa gama shari'ar zaɓe kafin rantsuwa, kuma babu mai hankalin da zai ƙi wannan manufa.

Har ma a nan gida Nuwamba tana da abin yabo. Damina ta ɗauke, hanyoyin ƙauyuka sun bushe, kuma matasanmu ba su riga sun watsu cin rani ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a watan Fabrairu ya san sunaye nawa ne ke cikin rajista alhali masu su suna Legas ko Abuja ko Fatakwal suna neman na kai wa bakin salati. Ga kuma wani abu: a 2025 al'adar hukumar ita ce Asabar ta uku a watan Fabrairu, wadda a 2027 za ta kama 20 ga wata, kuma bisa lissafi ana sa ran ranar za ta faɗo cikin azumin Ramadan, ta kuma faɗo cikin kwanakin azumin 'yan'uwanmu Kirista.

To amma jadawali sarƙa ne, in ka ja ƙarshensa sai farkonsa ya motsa. Idan aka bar sauran wa'adodi yadda suke a 2025 aka sa zaɓe a Nuwamban 2026, to sanarwar kwana 360 ta zama wajibi a cikin Nuwamban 2025, alhali a lokacin gyaran dokar bai ma zama doka ba. Zaɓen fid da gwani zai kammala a watan Mayu. Yaƙin neman zaɓe zai fara a ƙarshen Yuni, ya ratsa tsakiyar damina, lokacin da manomi yake gona tun hantsi, motoci kuma suke maƙalewa a rafuka. Rajista za ta rufe a watan Agusta, lokacin da mutumin ƙauye ba shi da sukunin zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ya bi layi. Ranar zaɓen kanta za ta zo ana tsakar girbin dawa da roron wake, makarantu kuma suna shirin jarrabawar zangon farko. Bayan duk wannan, ɗan majalisar da jama'a suka kayar a Nuwamba zai ci gaba da zama har Yuni, wata bakwai cur, kuma a cikin waɗannan watanni ne ake zartar da kasafin kuɗin sabuwar shekara. Wanda ya san ba zai dawo ba, me zai hana shi yi wa kasafin nan yankan ƙauna?

Mun ma taɓa gwada irin wannan hanya. Gyaran farko da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2010 ya sa zaɓe tsakanin kwana 150 da 120 kafin ƙarewar wa'adi, har aka tsara shi a watan Janairun 2011. Da hukumar ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta ga ba za ta iya haɗa sabuwar rajista cikin lokacin ba, sai da aka sake gyara Kundin aka mayar da kwana 120 zuwa 30, zaɓe ya koma Afrilu. Malaman da suka daɗe a aiki ba su manta wanda ya biya kuɗin wannan gaggawa ba: a watan Janairun 2011 an tsare makarantun firamare da sakandare a rufe na makwanni domin a yi rajistar masu zaɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ana son sauya lokacin zaɓe, a yi gyaran a farkon wa'adin majalisa, ya fara aiki a zaɓen da ke biye, yadda babu wanda zai ce an ɗinka rigar daidai jikin wani.

Yanzu ga babbar maganar. Gyara Kundin Tsarin Mulki yana buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa a Abuja, sannan majalisun dokokin jihohi 24 daga cikin 36 su amince. Gyara Dokar Zaɓe kuwa rinjaye kawai yake buƙata da sa hannun Shugaban Ƙasa. Ma'anar sauko da wa'adin zaɓe daga Kundi zuwa doka ita ce, mutanen da za su tsaya takara su ne za su riƙe makullin ranar, su matsa ta gaba ko baya a zama guda idan jam'iyyarsu tana da rinjaye. Ba na zargin kowa da mugun nufi. Amma doka ana yin ta ne domin ranar da mai mugun nufi zai zo, kuma tarihinmu ya nuna yana zuwa.

A ranar 1 ga Oktoba, 1974 Janar Yakubu Gowon ya janye alƙawarin miƙa mulki a 1976. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗage ranar miƙa mulki daga 1990 zuwa 1992, daga nan zuwa 1993, aka ƙare da soke zaɓen 12 ga Yuni. A 2006 yunƙurin ƙarin wa'adi ya mutu a Majalisar Dattawa ne domin sai an bi ta ƙofar gyaran Kundi, ƙofar kuwa ƙunci gare ta. A maƙwabciyarmu Nijar, tazarcen 2009 ya kai ga rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya ƙare da juyin mulkin 18 ga Fabrairu, 2010. A Senegal a 2024 Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓen 25 ga Fabrairu, majalisa ta amince a kai shi Disamba, amma majalisar kare tsarin mulkin ƙasar ta soke ɗagewar, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris. Abin da ya ceci Senegal shi ne wa'adin yana rubuce a inda rinjayen majalisa ba ya iya gogewa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ko ɗage-ɗagen da muka gani a wannan jamhuriya darasi ɗaya suke koyarwa. A 2011 an tsayar da zaɓen Majalisar Tarayya ranar 2 ga Afrilu bayan an fara shi a wasu wurare, aka koma 9 ga wata. A 2015 an matsar da zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris saboda matsalar tsaro a arewa maso gabas. A 2019 an sanar da ɗagewa cikin dare, saura awoyi kaɗan a buɗe rumfuna, daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu. Kowace ɗagewa ta ci wa talaka kuɗin mota da kwanakin nema, ta ci wa yara kwanakin karatu. Amma kowacce ta tsaya a cikin shinge, domin bangon kwana 30 yana nan, kuma kowa ya san ba a tsallake shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Mu Katsinawa ba ma buƙatar zuwa nesa mu ga abin da ke faruwa idan babu bango. Sashe na 7 na Kundin ya ce ƙananan hukumomi su kasance ƙarƙashin zaɓaɓɓun shugabanni, amma bai sa ranar zaɓensu ba, ya bar wannan ga dokokin jihohi. An rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi 34 na jihar nan a 2015, Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka a watan Mayun 2021, ba a kuma sake zaɓe ba sai Afrilun 2022. Jihohi da yawa, na kowace jam'iyya, sun yi irin wannan. Kusan shekara bakwai, a daidai lokacin da yankinmu ya fi shan wuya, malamin firamare da manomi ba su da zaɓaɓɓen kansila da za su kai wa kuka. Wannan shi ne abin da haƙƙi marar rana yake zama.

Akwai fargabar da ta keɓanta da mu mazauna gefen Dajin Rugu. Sashe na 24 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ba hukumar damar ɗage zaɓe a wani yanki idan akwai dalili ƙwaƙƙwara, wanda za a iya tabbatarwa, na cewa za a sami rashin zaman lafiya. Shi wannan sashe kuma ya ɗora mata nauyin yin iyakar ƙoƙari kada waɗanda suka rasa matsugunansu su rasa ƙuri'arsu. Mun san yadda aka yi mana a Tsauwa da Ɗankar a Fabrairun 2020. Mun san watannin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a 2021, har da namu biyu. A ajujuwanmu akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauyukansu suka rakuɓe a gidajen dangi a cikin Batsari da Safana da Dutsinma da birnin Katsina, katin zaɓensu kuwa yana ɗauke da sunan rumfar da ke ƙauyen da suka bari. Muna godiya ga Allah da sauƙin da ake samu, muna roƙon ya ɗore. Amma shirya wa irin waɗannan mutane zaɓe aiki ne mai cin lokaci: a san inda suke, a sauya musu rumfa, a sanar da su, a tanadi tsaro. Duk lokacin da aka matse jadawali, irin wannan aiki shi ake fara jefarwa, domin masu shi ba su da murya a Abuja. Tsayayyen wa'adi da aka sani tun da wuri shi ne gatan mai rauni.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace reshenmu ya tsaya a kai, ya kuma aika wa uwar ƙungiya ta jiha da wakilanmu a majalisa a rubuce. Na farko, wa'adin zaɓe ya ci gaba da zama cikin Kundin Tsarin Mulki. Idan kwana 150 da 30 ba su dace ba, a sauya alƙaluman a nan cikin Kundin, ta ƙofar da aka tanada. Kenya ta rubuta a kundinta cewa zaɓe ranar Talata ta biyu ce a watan Agusta na kowace shekara ta biyar, kuma kowane yaro a can zai iya faɗin ranar tun shekaru kafin ta zo. Na biyu, a magance jinkirin shari'a daga tushensa, ta hanyar rage kwanakin kotu da ƙara yawan alƙalai. Na uku, zaɓen 2027 ya tsaya cikin filin da doka ta riga ta shata. Tsakiyar Janairu tana nan kafin azumi, ƙarshen Maris da Afrilu suna nan bayan Salla, babu buƙatar rushe gini domin kauce wa Ramadan. Na huɗu, tun da makarantunmu su ne rumfunan zaɓe kuma masaukin ma'aikatansa, a riƙa zama da hukumomin ilimi da ƙungiyar malamai tun kafin a fitar da jadawalin karatu, a san kwanakin da za a rasa da yadda za a rama su, a kuma san wanda zai gyara kujeru da ƙofofin da aka lalata.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran Abuja. Hukumar zaɓe ta buɗe rajista a watan Agustan 2025. Kowannenmu ya san ɗalibinsa na da wanda ya cika shekara 18, ya san maƙwabcin da ya yi hijira, ya san matar da katinta ya ƙone ko ya ɓace ranar gudu. Mu faɗa musu doka ta ba su damar yin sabuwar rajista, ko sauya rumfa, ko neman wani katin, kuma ƙofar tana rufewa tun watanni kafin zaɓe. A zaɓen 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da ke cikin rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. A darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, mu koya wa manyan ɗalibai wannan lissafi na kwanakin wa'adin zaɓe, su ƙirga da kansu a kan allo. A taron iyaye da malamai mu ɗauki minti biyar mu bayyana shi. Wannan ba shiga siyasar jam'iyya ba ne, kuma bai saɓa wa ƙa'idar aikinmu ba. Karantarwa ce, ita ce kuwa sana'armu.

Wakilanmu za su zo neman ƙuri'a ba da jimawa ba. Idan sun zo, mu tarbe su da mutunci kamar yadda muka gada, sannan mu yi musu tambaya guda: idan aka kawo batun cire wa'adin zaɓe daga Kundin Tsarin Mulki gaban majalisa, ina za ka jefa ƙuri'arka? Mu rubuta amsar, mu ajiye ta tare da rajistar aji.

Allah Ya zaunar da yankinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, Ya ba mu shugabanni masu cika alƙawari a kan lokacinsa. Amin.